Ejan yana so ya kai ɗana Sidni yana ɗan shekara 16, babansa ya ce sam

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar Arewa ce, aiki ne ya kawo maigidana Niyu Zilan, muna zaune a Okland shekaru da dama yanzu kuma yaranmu duk a nan suka taso. Babban yarona shekararsa 16, yana aji 12 a sakandare, Allah ya ba shi jiki da gudu, tun yana ƙarami yake buga zari-ruga irin na mutum 15 da suke kira yuniyon, bana har ya samu shiga tawagar farko ta makarantarsu, kuma saboda wasan ne ma makarantar ta ɗauke mana wani kaso mai yawa na kuɗin makaranta. Toh bayan wani wasa sai wani mutum ya tare mu a bakin fili ya ce shi ejan ne, wato wakilin 'yan wasa, wai wani kulob na lig, wato mai mutum 13, a Sidni ta Ostareliya ya ga bidiyon yaron yana so ya ɗauke shi, kwantiragin shekara uku, za su ajiye shi a gidan wasu mutane, su sa shi makaranta a can, da ɗan alawus. Ya ce mu ba shi amsa cikin sati biyu in ba haka ba wani yaron za su ba. Tun ranar gidanmu babu daɗi. Yaron ya ce shi tafiya zai yi, abokansa biyu sun riga sun tafi, wai a yuniyon sai ka gaji da jiran layi. Babansa ya ce kar a ƙara yi masa maganar, bai baro ƙasarsa don ɗansa ya zama ɗan ƙwallo ba, likita ko injiniya yake so ya zama. Kocin makaranta kuma da ya ji labari sai ya kira yaron ya ce in ya kuskura ya taɓa lig to ya manta da rigar tawaga. Yanzu yaron ko abinci baya ci da mu, yana shigowa sai ɗaki. Ni ina tsakiya, ina tsoron in hana shi arzikinsa ya riƙe ni a zuci, ina kuma tsoron in sake shi ƙasar da ba mu da kowa. Wallahi ko barcin kirki bana yi. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su ya sa albarka. Na karanta saƙonki kuma tsoron nan guda biyu da kika faɗa duk na uwa ne mai hankali, babu wanda za a ce miki ki yar. Amma ki ɗan saki ranki, abin da ke gabanku abin alheri ne ya zo da hayaniya, yaro ne Allah ya ba shi baiwa har mutane daga wata ƙasa suka hango shi, ba wani mugun abu aka kama shi da shi ba.

Bari in fara da sati biyun nan, don shi ne ya hana ki barci. Wannan wa'adin na ejan ne, ba naku ba ne kuma ba na yaron ba ne. Ejan yana cin abinci ne da kason da yake samu a kwantiragin 'yan wasa, kuma ya san in ya ba ku lokaci za ku yi tambaya, za ku nemi lauya, wataƙila wani ejan ɗin ko wani kulob ɗin ya shigo, shi ya sa yake matsa muku. Kulob ɗin da ya ga yaro ɗan shekara 16 ya yaba da shi tsakani da Allah ba zai fasa ba don iyayensa sun ce a ba su wata ɗaya ko biyu su yi shawara, in kuma har ya fasa saboda haka toh kin ga dama can ba wani riƙo za su yi masa ba in ya je. Don haka abu na farko, ki sa maigida ko ke da kanki ku rubuta wa mutumin nan saƙo cikin mutunci, ku ce kun gode, ku ce ba za ku sa hannu a komai ba sai kun ga cikakkiyar takardar kwantiragin kun nuna wa lauya. Kar ku ce eh kar ku ce a'a. Kuma ki ja wa yaron kunne kar ya sa hannu a ko wace irin takarda shi kaɗai, har da wadda za a ce masa wai ta wakilci ce kawai, don ita ce ma take ɗaure yaro da ejan shekaru.

Yanzu maganar yaron cewa a yuniyon sai ka gaji da jiran layi, gaskiya bai yi ƙarya ba, kuma ya kamata ku manya ku amsa masa wannan. Tun 1895 da kulob-kulob na arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield saboda ana hana a biya leburori 'yan wasa kuɗin ranar aikin da suka rasa, lig wasan biya ne, shi kuwa yuniyon sai 1995 ya yarda a biya 'yan wasa a fili, shekara ɗari cur tsakani. Har yau wannan bambancin yana nan a yadda suke tafiyar da yara. A Niyu Zilan yaron yuniyon makaranta ce take riƙe da shi har ya gama aji 13, daga nan in ya yi sa'a ya shiga akademin lardinsa, ya buga na 'yan ƙasa da 20, ya nemi shiga gasar larduna ta NPC, sannan ya sa rai da ɗaya daga cikin Blues, Chiefs, Hurricanes, Crusaders ko Highlanders, manyan ƙungiyoyin ƙasar biyar kacal da suke buga gasar Super Rugby, kuma a mafi yawan wannan tafiyar babu wani kuɗin kirki. Su kuwa kulob ɗin NRL, wato babbar gasar lig ta Ostareliya, kai tsaye suke zuwa wajen yaro da takarda da riga da takalmi, suna da gasar Harold Matthews ta 'yan ƙasa da 17, da SG Ball ta 'yan ƙasa da 19, da Jersey Flegg ta 'yan ƙasa da 21, yaro yana ganin matakalar a gabansa ƙarara. Ace kai ɗan shekara 16 ne wani babba ya zo ya ce maka muna son ka yanzu, wani kuma ya ce maka ka yi haƙuri nan da shekara huɗu ma gani, ai kowa ya san inda zuciya za ta karkata. Kar ku ɗauki ɗokinsa a matsayin rashin kunya.

Sai dai akwai lissafin da ejan ba zai yi muku ba. Da shigowar Dolphins a 2023 kulob ɗin NRL suka zama 17, kowanne yana da manyan 'yan wasa 30 a babban jerinsa, kin ga gurbi 510 kenan, kuma 'yan Ostareliya da Niyu Zilan da Samoa da Tonga da Fiji da Papua New Guinea har da Ingila duk su ake kokawa da su a kan waɗannan guraben. Albashin da yara suke ji ana faɗa, wanda mafi ƙanƙantarsa a 2023 ya kai dalar Ostareliya 120,000 a shekara, na waɗannan 30 ɗin ne. Abin da aka kawo wa ɗanki kwantiragin reno ne, na ƙananan yara, ɗan alawus da masauki da kayan tirenin, kuma kulob yana ɗibar yara da yawa a kan irin wannan takardar kamar mai sayen ƙananan raguna da araha ya kiwata, ya san 'yan kaɗan ne za su kai yadda yake so, sauran zai sake su. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take, amma wanda aka saki yana ɗan shekara 19 a ƙasar da ba tasa ba, babu satifiket ɗin kirki, gwiwa ta lalace, iyayensa ne za su karɓe shi ba ejan ba. Su kansu masu NRL sun san nauyin abin, gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da 20 da suka fara a 2008 sun rufe ta bayan kakar 2017, kuma cikin abubuwan da aka yi ta kuka da su a lokacin har da yadda ake raba ƙananan yara da gidajensu a ɗora musu buri mai yawa sannan a watsar da su.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne ƙofar nan ba a rufe ta yana shekara 16. Roger Tuivasa-Sheck a nan Okland ɗinku ya yi Otahuhu College, yana buga yuniyon yana buga lig, har ya wakilci makarantun Niyu Zilan a yuniyon a 2011, sai a ƙarshen wannan shekarar yana da 18 Sydney Roosters suka ɗauke shi, 2013 ya ci kofi da su, 2018 ya zama gwarzon NRL gaba ɗaya yana Warriors, kulob ɗin lig na Okland, a 2022 ya koma yuniyon ya buga wa Blues har ya sa rigar All Blacks, tawagar ƙasar Niyu Zilan, 2024 kuma ya sake dawowa Warriors. Ngani Laumape ma sai da ya gama Palmerston North Boys' High ya tafi Warriors, daga baya ya dawo Hurricanes ya zama ɗan All Blacks a 2017. Sonny Bill Williams, wanda na san yaronki ya san shi tunda musulmi ne ɗan uwanmu, da lig ya fara ya ci kofi da Bulldogs a 2004, ya koma yuniyon ya ɗauki kofin duniya sau biyu, 2011 da 2015. Ga Joseph Suaalii da ya taso a yuniyon na makaranta a Sidni, ya yi lig da Roosters, hukumar yuniyon ta Ostareliya ta biyo shi da kuɗi masu yawa ya dawo a ƙarshen 2024. Mai baiwa ta gaske duka ɓangarorin biyu bin sa suke yi. Kuma don kar in ɓoye miki ɗaya gefen, akwai wanda ya tafi da wuri ya dace, Benji Marshall yana matashi ya bar Whakatane ya tafi makarantar Keebra Park a Gold Coast kuma ya zama babban tauraro, ya ci kofi da Wests Tigers a 2005. Yaronki zai iya kawo miki sunansa, ki ce masa haka ne, amma sunan waɗanda suka dace kaɗai ake ji.

Ni a ganina rigimar gidanku ba ta yuniyon da lig ba ce sam, duk wasa ne na halak kuma duk ana ci da su. Tambayar ita ce yaro ɗan shekara 16 zai bar gaban iyayensa ya koma hannun mutanen da ba ku taɓa gani ba, ko kuwa zai ƙarasa shekara ɗaya da 'yan watannin da suka rage masa a gida. A nan kam ra'ayina a fili yake, ya tsaya ya gama aji 13 ya karɓi satifiket ɗin sakandare na NCEA mataki na 3 da sakamakon shiga jami'a yana kwana a gidanku. Ko a dokar NRL ma sai yaro ya cika 18 yake buga babbar gasa, Suaalii da ya buga yana 17 a 2021 sai da aka nema masa izini na musamman, kin ga kenan babu wani babban wasa da zai wuce ɗanki a wannan tsakanin. Ki tuna kuma da abubuwan da ke kaɗai kike lura da su, wa zai tashe shi asuba, wa zai kula da abin da ake zuba masa a faranti halal ne ko a'a, wa zai gane ransa a ɓace yake tun kafin ya yi magana. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne wajen Fabrairu yana matsowa Janairu, daidai tsakiyar zafin Sidni kuma daidai lokacin da ake fara gasannin yaran nan. Manya irin su Payne Haas, tauraron NRL, suna azumi suna buga wasa, amma shi babba ne da likitoci da masu tsara masa abinci kewaye da shi, ɗan yaro sabon zuwa da yake tsoron kar koci ya ga kasawarsa ba zai iya buɗe baki ya ce a sassauta masa tirenin ba.

Akwai kuma maganar takardu, wadda ban ga kin ambata ba kuma tana iya yanke hukuncin tun kafin ku gama musu. Wane fasfo ne a hannun yaron? Wanda yake da fasfon Niyu Zilan yana shiga Ostareliya ya zauna ya yi karatu ya yi aiki da bizar musamman da ake ba su a filin jirgi, mai lamba 444, amma wanda yake da izinin zama na dindindin kawai a Niyu Zilan alhali fasfonsa na Najeriya ne ko Nijar, wannan gatan bai shafe shi ba, sai an nema masa biza daban, kuma doguwar zama a waje tana iya taɓa lissafin kwanakin da ake buƙata kafin a ba mutum zama ɗan ƙasa a Niyu Zilan. Ku bincika wannan tun yanzu. Haka maganar rauni, a inda kuke hukumar inshorar haɗari ta gwamnati wato ACC tana ɗaukar nauyin jinyar wanda ya ji ciwo a wasa ba tare da an tsaya neman mai laifi ba, in ya ƙaura can dole a rubuta a takarda wa zai biya kuɗin tiyata da gashin ƙashi, da kuma me zai faru da kwantiragin in ya yi wata shida baya wasa.

Toh amma kar ku tsaya a kan a'a kawai, don a'a tsura ita ce za ta sa ya riƙe ku. Lig ɗin da yake so yana nan a garinku. Warriors a Okland suke tun 1995, filinsu na Mount Smart yana nan cikin gari, kuma yanzu suna da tawagar yara a waɗannan gasannin na Sidni da na lissafa miki, a 2024 ma shekararsu ta farko a Harold Matthews su suka ɗauke kofin. Ma'ana yaro zai iya buga gasa ɗaya da abokansa da suka tafi, a gan shi a fili ɗaya, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Kuma lokutan ba su cika cin karo ba, gasannin yaran lig suna farawa ne wajen Fabrairu su ƙare wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, na tawagar farko ta makaranta kuma daga wajen Mayu ne zuwa Agusta, sai dai tirenin ɗin share fage da zai haɗu, wannan kuma da zama da fahimta ana daidaita shi. Ko bai samu Warriors ba akwai ƙananan kulob na unguwa, ya je ya ɗanɗana wasan tukuna. Don wallahi yaro da yawa son lig yake a talabijin, bai taɓa jin yadda ake ja da baya mita 10 bayan kowane kamu a sake tahowa a yi karo ba, har sau shida kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, babu ɗan numfashin da ake samu a yuniyon lokacin jifa daga gefe. Tunda kin ce mai gudu ne wataƙila ya dace da shi sosai, wataƙila kuma ya buga wasa biyar ya ce a'a. Gara ya gane haka yana gida. Sannan za ku iya ce wa shi kulob ɗin Sidni, in da gaske kuke ku bar shi a makarantarsa, ya riƙa zuwa muku sansanin tirenin lokacin hutu tare da babansa, jirgi wajen awa uku da rabi ne, in ya gama aji 13 a zauna a yi magana. Ana yin irin wannan tsarin, kuma amsar da za su ba ku za ta nuna muku ko yaron suke so ko rige wasu kawai suke yi.

Shi kuma koci, raina bai so yadda ya kira yaro shi kaɗai ya yi masa barazana ba, wannan magana da iyaye ake yin ta. Amma ki fahimce shi, ya sha ganin ya raini yaro shekara uku rana ɗaya a zo a ɗauke, zafin haka ne. Kuma kar kowa ya nuna muku kamar ɓangaren makarantu babu son kai, a 2018 makarantu goma na gasar 1A, babbar gasar yuniyon ta makarantun Okland, sun ce ba za su buga da St Kentigern ba saboda yadda take janyo ƙwararrun yara daga wasu makarantu da sikolashif, a 2022 kuma shugabannin makarantun da kansu suka yanke cewa a daina nuna wasannin kai tsaye a talabijin don matsin ya yi wa yara yawa. Kowa yana da abin da yake nema a jikin yaran nan, ku kaɗai ne ba ku neman komai sai alherinsa. Ku nemi zama da firinsifal ko mai kula da wasanni, ku biyu da maigida, ku ɗauko takardar sikolashif ɗin ku karanta ta layi-layi, shin an rubuta cewa sai yana buga yuniyon, shin an hana shi wani wasa a waje, in ya ji rauni ko ya daina wasa za a janye tallafin ne ko zai ƙarasa karatunsa. Ku tambaye su kuma su wane tanadi suka yi masa, sun haɗa shi da mutanen akademin Okland ko na Blues, ko kuwa riga kawai suke so ya sa musu shekara ɗaya. Ku yi maganar a natse, ba faɗa kuka je ba.

Maigida kuma ki bi shi a hankali, kar ki tare shi a gaban yara, kuma kar ki fara da cewa ya yi kuskure don a kan karatu yana da gaskiya. Mutumin da ya baro danginsa ya zo ƙarshen duniya yana aiki dare da rana, abin da yake gani shi ne kar wahalarsa ta tashi a banza, ga kuma 'yan uwa a gida da za su ce wane ya kai ɗansa Turai ya ƙare a ƙwallo. Ki samu lokacin da ya ci ya huta ki ce masa, baban yara ni ma bana so ya tafi yanzu, bakinmu ɗaya, amma in muka rufe maganar gaba ɗaya nan da shekara biyu zai cika 18 ya sa hannu da kansa ba tare da ya tambaye mu ba, gara mu riƙe igiyar tun yanzu. Ki nuna masa cewa wasa da karatu suna haɗuwa, Maro Itoje da iyayensa 'yan Najeriya ne ya yi digirinsa a jami'ar SOAS ta Landan yana tsaka da buga wa Ingila, har ya zama kyaftin ɗinsu. Abin da ake nema wajen maigida bai wuce ya zauna da ɗansa ya saurare shi ba, ya kuma je kallon wasansa in ba ya zuwa. In kin san akwai wani dattijo a cikin jama'arku ko limamin masallacinku da yake jin maganarsa, ki roƙe shi ya sa baki, amma wanda zai iya riƙe sirri.

Yaron kuwa kar ki jira ya fito, ki ɗauki abincinsa ki same shi a ɗakin, ko ki ce ya raka ki wani waje a mota, samari sun fi sakin baki in ba a kallon idonsu. Ki fara da gaya masa kina alfahari da shi, don ina kyautata zaton tun da abin nan ya faru babu wanda ya ce masa barka, kowa faɗa yake. Sai ki tambaye shi me yake so a tafiyar, wasan ne, kuɗin ne, abokan ne, ko kuwa so yake ya taimaka muku, don da yawa yaran da suka ga iyayensu suna wahala suna aika kuɗi gida sukan ɗora wa kansu nauyin da ba wanda ya ɗora musu, in haka ne ki sauke masa shi ki ce ba a jiran kuɗinsa. Ki ce ya kira abokan nan nasa biyu ya tambaye su tsakani da Allah, ba abin da suke sakawa a Instagram ba, wasa nawa suka buga, ƙarfe nawa suke tashi, ya makaranta, sau nawa suka zo gida. In da hali ke ma ki nemi iyayensu mata ku yi hira. Daga nan sai ku yi alkawari da shi wanda kowa zai riƙe, shi ya gama aji 13 da sakamako mai kyau, ku kuma ku bar shi ya gwada lig a nan gida, ku nemo masa wakili nagari, kuma in ya gama aka sake zuwa nemansa ba za ku tare masa hanya ba. Ku faɗi wannan a gaban babansa don ya san magana ce tsayayya.

Game da ejan, ki nemi cikakken sunansa ku duba ko yana da rajista, NRL tana da tsarin tantance masu wakiltar 'yan wasa, ƙungiyar 'yan wasan yuniyon ta Niyu Zilan wato NZRPA ita ma tana da jerin waɗanda ta amince da su, kuma za ku iya tuntuɓar ta ko takwararta ta lig RLPA ku nemi bayani. Wanda ba ya cikin ko ɗaya ku rabu da shi. Takardar kuma lauya ya gani, wanda ku kuka nemo ba wanda ejan ya kawo ba, in kuɗi ya yi wuya ku fara da ofishin Community Law ko Citizens Advice Bureau, kyauta suke ba da shawara kuma za su nuna muku inda za ku dosa. A tambaya kaso nawa ejan zai riƙa cira kuma na shekara nawa, shin kulob zai iya soke kwantiragin duk sanda ya ga dama alhali yaron ba zai iya fita ba, shin takardar ta hana shi komawa yuniyon, wa zai biya kuɗin makaranta in an sake shi a tsakiyar shekara, tikitin zuwa gida sau nawa.

In kuma bayan duk wannan kun zauna kun yi istihara kun ga tafiyar ce alheri, toh ban ce haramun ba ne, amma kar ya tafi sai ɗayanku ya je da ƙafarsa ya ga gidan da za a ajiye shi, ya ga makarantar, ya zauna da jami'in kula da walwalar yara na kulob ɗin ya karɓi lambarsa. Sidni akwai musulmi da yawa, musamman wajen Lakemba da Bankstown, ku nemi a sama masa gidan musulmi ko aƙalla wani babba da zai riƙa ɗaukarsa zuwa Juma'a yana leƙa shi. Kuma ku gaya masa tun a gida cewa duk ranar da ya ji ba zai iya ba ya dawo, babu wanda zai yi masa gori.

Abu ɗaya da ya shafi duka wasannin biyu, ki sa ido a kan bugun kai. A wasannin makarantu da na unguwa a Niyu Zilan yaron da ya samu girgizar ƙwaƙwalwa sai ya yi aƙalla kwana 21 kafin ya koma gasa, kuma sai likita ya sallame shi, amma yaron da ya san ana kallonsa daga Sidni zai iya ɓoye ciwon kai da jiri don kar a ajiye shi. In kin ga bayan wasa yana yawan barci, haske yana damunsa, yana mantuwa ko saurin fushi, ki kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. In ma zai haɗa lig da yuniyon a shekara ɗaya a tabbatar ya samu hutu a tsakani, jikin ɗan 16 bai gama ƙwari ba.

Ke kuma ƙanwata ki daina ɗaukar abin nan ke kaɗai, ki samu wata 'yar uwa da kika yarda da ita ki riƙa sauke mata, ki ci abinci ki yi barci. A satin nan ki fara da saƙon ejan da duba fasfo da takardar sikolashif, zaman maigida da ɗansa kuma ki bari sai kin yi magana da kowannensu daban tukuna. In kun samu kwantiragin a hannu kin ga wani abu da ya ɗaure miki kai ki sake rubuto min. Allah ya zaɓa masa mafi alheri, ki gaishe min da yaran.